Gobarar da ke kwance a cikin silin: fashin baƙi kan injinan ɗumama gida da aka janye a Kalifoniya

A jihar Kalifoniya ta Amurka akwai wani irin injin ɗumama gida da hukuma ta yi gargaɗi a kansa tun shekarar 2000, ta ce yana iya cinna wa gida wuta. Tun 1994 aka daina ƙera shi, kamfanin da ya yi shi kuma ya daɗe da rushewa. Duk da haka, shekara da shekaru bayan gargaɗin, masu sana'ar duba gida kafin ciniki sun ci gaba da hawa cikin silin suna tarar da shi a kwance yana aikinsa, masu gidan kuwa ba su taɓa jin labarinsa ba. Abin da ke damuna a wannan lamari shi ne yadda aka yi sanarwa, aka yi shari'a, jaridu suka rubuta, amma saƙon bai isa inda ƙarfen yake ba. Kafin a gane dalili, sai an fara sanin yadda injin yake aiki, tunda mu da muka tashi a ƙasar zafi ba mu saba da shi ba.

Yawancin gidajen Amurka da iska mai zafi ake ɗumama su. Akwai akwatin ƙarfe guda da ake jawo masa bututun gas. A cikinsa akwai jerin bakunan wuta inda gas ke ci. A saman bakunan akwai wani rufaffen ɗaki na ƙarfe da wutar ke gasawa, hayaƙin ya bi ta cikinsa ya fice ta bututun da ya huda rufi. Sai fanka mai ƙarfi da ke zuƙo iskar ɗakuna, ta hura ta a bayan wannan ƙarfe mai zafi, iskar ta ɗauki ɗumi ta koma ɗakuna ta manyan bututai. Wannan rufaffen ɗaki shi ake kira akwatin musayar zafi, kuma lafiyar gidan gaba ɗaya a kansa ta rataya. Matsayinsa ɗaya da na tukunya a kan murhu: wuta da hayaƙi a gefe ɗaya, abin da mutane za su amfana da shi a ɗaya gefen, ƙarfe ne kaɗai a tsakani. Muddin ƙarfen bai tsage ba, iskar da ake shaƙa ba ta haɗuwa da harshen wuta.

A jihohin arewa masu tsananin sanyi, injin yakan zauna a tsaye a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, a kan daɓen siminti. Gidajen Kalifoniya galibi ba su da irin wannan ɗaki. Shi ya sa magina suka riƙa sayen injin da aka ƙera a kwance, su ɗora shi a sararin da ke tsakanin silin da rufi, ko su cusa shi a ƙarƙashin daɓen gida. A riƙe wannan, domin shi ne rabin matsalar: wuta ce ke ci a cikin silin, a kan dandamalin katako, ga gimshiƙan katako kewaye da ita, a wurin da mai gida zai yi shekara bai leƙa ba.

Ɗaya rabin ya samo asali ne daga gurɓatar iska. Birnin Los Anjeles da ke kudancin jihar yana cikin kwari ne, duwatsu sun tare shi ta arewa da gabas, hayaƙin motoci da masana'antu yakan taru ya tsaya a kansa. Cikin abubuwan da ke haddasa wannan hazo mai yaji akwai wasu iskoki da ake kira NOx, waɗanda ke samuwa idan wuta ta yi zafi ƙwarai har sinadarin naitirojin da ke cikin iska ya haɗu da oksijin. Hukumar kula da tsabtar iska ta yankin kudancin jihar ta kafa ƙa'ida a 1978, mai lamba 1111, wadda ta ƙayyade yawan NOx da injin ɗumama gida zai iya fitarwa, aka kuma fara aiki da iyakar a 1984. Duk mai son sayar da injinsa a wannan babbar kasuwa dole ya rage zafin harshen wutarsa.

Kamfanin Consolidated Industries da ke garin Lafayette a jihar Indiyana, wanda a da ake kira Premier Furnace, ya ɗauki hanya mai sauƙi. Ya bar injinsa yadda yake, ya jera wasu siraran sandunan ƙarfe a saman bakunan wuta. Dabarar ita ce sandunan su shanye wani kaso na zafin harshen wutar, zafin ya ragu, NOx ya ragu. A wajen gwaji dabarar ta yi aiki, injin ya cika ƙa'ida. Amma zafin da sandunan suka shanye ai ba ɓacewa yake yi ba. Sukan yi jajawur, su riƙa mayar da zafin ƙasa a kan bakunan wutar da ba a ƙera su don jure hakan ba. Yau da gobe, ƙarfen bakunan ya lanƙwashe, ƙananan ramukan da gas ke fita su tsage su haɗe, su zama manyan kafofi. Daga nan harshen wuta ya daina zama gajere mai shuɗi, ya yi tsawo ya karkace, ya riƙa dukan gindin akwatin musayar zafi a wuri guda. Ƙarfen da ke yin zafi yana hucewa sau da yawa a kowane dare ba ya daɗewa a haka, sai ya tsage.

Da zarar ya tsage, fankar da ke tura iska zuwa ɗakuna sai ta fara tura ta ta cikin tsagar zuwa ɗakin wuta. Iskar ta doki harshen wutar, ta kwantar da shi, ta kora shi gefe ko ƙasa, wani lokaci har ya leƙo waje ta ƙofar injin. Injin kuwa gajere ne, tazarar da ke tsakanin wutar da gindinsa kaɗan ce, gindin kuma yana zaune kai tsaye a kan katako.

A nan akwai wani abu game da katako da mutane da yawa ba su sani ba. Sabon katako sai ya kai wajen digiri 250 a ma'aunin Salshiyos kafin ya kama da wuta. Amma katakon da ya yi shekaru yana shan zafi kaɗan-kaɗan yakan bushe ƙarau, ya yi duhu, a hankali ya koma kamar gawayi, kuma gawayi ba ya buƙatar zafi mai yawa kafin ya ɗauka. Ke nan katakon da ya jure wa injin shekara goma sha biyar ba shi ne katakon da aka ɗora injin a kansa ranar farko ba, ya riga ya sauya. Wannan shi ne amsar maganar da masu sayar da gida suka fi yi idan aka nuna musu matsalar, wato ai tun da muka tare yake aiki, bai taɓa ba mu matsala ba. Gaskiya suke faɗa. Sai dai daɗewar da suke kafa hujja da ita, ita ce ke ƙara kusanto da haɗarin.

Ba na ganin laifin ƙa'idar tsabtace iska a nan, ko da yake na san akwai masu son jingina mata laifin. Sauran kamfanoni sun cika ƙa'idar nan ba tare da injinansu sun zama abin tsoro ba, kuma mutanen Los Anjeles suna shaƙar iska mai dama-dama a yau fiye da ta shekarun 1970. Laifin yana wuyan wanda ya liƙa gyara a kan tsohon tsari bai tsaya ya ga abin da shekaru za su yi masa ba.

Sanarwar da ta zo a makare

Amurka tana da hukumar tarayya mai kula da amincin kayan da jama'a ke amfani da su, wadda aka fi sani da CPSC, an kafa ta da dokar 1972. A ƙarshen watan Satumban 2000 ta fitar da gargaɗi cewa akwai irin waɗannan injina kimanin 190,000 da aka sayar a Kalifoniya tsakanin 1983 da 1994, kuma ta samu rahoton gobara da ɓarna a gidaje wajen 30. A daidai lokacin jaridar Los Angeles Times ta ba da rahoton cewa hukumar ta san da matsalar tun tsakiyar shekarun 1990. 'Yan kwana-kwana a wasu garuruwan kudancin jihar, irin su Torrance, sun riga sun fara lura da gobarar silin masu kama da juna.

Akwai wani sashe a dokar da ta kafa hukumar, sashe na 6(b), da ya hana ta fitar da bayani a kan kayan wani kamfani sai ta sanar da kamfanin tukuna, ta ba shi lokaci ya yi martani, ta kuma tabbatar bayanin daidai ne kuma an yi masa adalci. An yi sashen ne don kada a ɓata sunan kamfani a kan jita-jita, kuma wannan manufa ce mai kyau. Amma a aikace yana sa hukumar ta riƙa taka-tsantsan fiye da kima, ta fi son a daidaita da kamfani a fitar da sanarwa tare. Idan kamfanin ba shi da niyya, ko ba shi da kuɗi, sai magana ta yi ta jan ƙafa.

Kuɗin kuwa babu. Consolidated ya shigar da takardar karyewar arziki a 1998, daga baya aka shiga sayar da kadarorinsa. Janye kaya daga hannun jama'a yana buƙatar wanda zai biya kuɗin gyara ko musanya, kuma a nan wanda ya kamata ya biya ya riga ya faɗi. Shi ya sa abin da aka fitar a 2000 gargaɗi ne kawai: ku kira ƙwararre ya duba, da kuɗinku.

Sai a watan Yulin 2001 aka samu janyewa ta gaske, ita ma rabi da rabi. Consolidated ba da sunansa kaɗai yake sayar da injinan ba. Yana ƙera wa wasu kamfanoni, su manna tambarinsu su sayar, har sunayen suka kai talatin ko fiye. Bakwai daga cikin waɗannan kamfanoni, wato Amana da Bard da Carrier da Goettl da Goodman da Heat Controller da Trane, suka amince su duba su gyara ko su musanya waɗanda suka sayar da sunansu. Jimillarsu kimanin 30,000. A sanarwar wannan karo hukumar ta ambaci injina 140,000 da rahoton gobara 50. Ko da wannan ƙaramin adadi aka ɗauka, fiye da 100,000 sun rage ba mai ɗaukar nauyinsu. Masu gidaje sun haɗu sun kai ƙara ta haɗin gwiwa, aka yi sulhu, amma wa'adin karɓar diyyar ya daɗe da wucewa. Rigimar dukiyar Consolidated da tsohon uwar kamfaninsa kuwa ta kai har 2008 ana yi a kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya.

To, a ce ma an janye su duka, yaya saƙon zai isa? Nan ne tsarin janye kaya ke da rauni mai girma. Idan mota ce, kowace tana da lamba da rajista, hukuma ta san sunan mai ita da adireshinsa, wasiƙa za ta same shi ko da shi ne na huɗu da ya saya. Injin ɗumama gida ba shi da wannan. Magini ne ya sayi ɗaruruwa daga dila ya zuba a rukunin gidajen da yake ginawa. Wanda ya fara sayen gidan da wuya ya cike katin rajistar da ke cikin kwali, in ma ya gan shi. Bayan shekara bakwai ya sayar ya koma wata jiha. Na biyu ya sa 'yan haya. Na uku ya saya a 2010, lokacin da jaridu sun manta da zancen. Kamfani bai san inda injinsa yake ba, mai gida bai san wanda ya ƙera injinsa ba, tunda sunan da ke jikin murfin daban ne da na maƙerin.

Ga kuma yanayin jihar. Ana ƙiyasta rayuwar irin wannan inji da shekara 15 zuwa 20. A jiha mai ƙanƙara, inda yake ci dare da rana wata biyar, da tuni ya mutu an sauya shi. A kudancin Kalifoniya sanyin ba shi da tsanani, injin yakan yi 'yan makonni yana aiki sannan ya huta, saboda haka sai ya kai shekara talatin yana tashi duk lokacin da aka kunna. Abin da bai lalace ba kuwa, ba mai kashe dubban daloli ya canza shi.

Kada a ɗauka matsalar ta kamfanin da ya karye ce kaɗai. A 2004 kamfanin York ya janye injinan gas kimanin 226,000 masu suna Coleman da Coleman Evcon da Red T, waɗanda aka ƙera tsakanin 1995 da 2000 don gidajen da ake haɗawa a masana'anta a kai su fili. Su ma zafi ne ke yi musu yawa, akwatin musayar zafi ya tsage, wuta ta ci ta fito ta kama bango. Kamfanin yana raye, gyaran kyauta ne. Amma a 2012 sai da aka sake maimaita sanarwar, domin rahotannin gobara ba su daina zuwa ba.

Ranar da ake hawa silin

A rayuwar gidan Amurka akwai rana guda da baƙo ke shigowa da tocila ya leƙa kowane lungu, ita ce ranar da za a sayar da shi. Al'adar ita ce bayan an yi ciniki, mai saye yana da 'yan kwanaki da zai bincika gidan, in ya ga abin da bai gamsu da shi ba ya nemi ragi, ko gyara, ko ya fasa a mayar masa da kuɗin kafin alƙalami. A takardar cinikin da dillalan Kalifoniya suka fi amfani da ita kwana 17 ne, sai in an yi yarjejeniyar wani adadi. A cikin kwanakin nan ne mai saye ke ɗauko mai duba gida, ya biya shi 'yan ɗaruruwan daloli, shi kuma ya yi awa biyu zuwa huɗu yana bin gidan daga rufi har tushe, sannan ya rubuta rahoto da hotuna.

Ga yadda abin yake idan ya zo kan injin. Ƙofar silin yawanci wani murabba'in rami ne a saman kabad ɗin kaya ko a baranda. Zai kafa tsani ya tura murfin, ya shiga da rarrafe, yana taka gimshiƙai kawai, domin in ya taka tsakaninsu ƙafarsa za ta huda silin. Injin yana can ciki, dogo a kwance, ƙura ta lulluɓe shi. Abu na farko da zai nema shi ne ɗan farantin bayanai da ke manne a jiki ko a bayan murfi, mai ɗauke da lambar samfuri da lambar ƙira. A waɗanda Consolidated ya sayar da sunansa ko da sunan Premier, lambar samfurin takan fara da haruffa irin su HBA ko HCA. Waɗanda aka sayar da wasu sunaye suna da nasu lambobin, sai an gwada da jerin da hukuma ta fitar. Daga nan ya cire murfin gefen wuta, ya kwanta a gefensa, ya haska tocila ta ƴar kafar, wani lokaci da ƙaramin madubi. In sandunan suna nan zai gan su a jere a saman bakunan wuta, sirara, wasu sun lanƙwashe, wasu sun karye sun faɗa ciki. Sai ya duba katakon da ke ƙarƙashi da kewaye. Katako mai lafiya fari ne ko ruwan ƙasa mai haske. Wanda ya sha zafi yakan yi duhu daidai siffar gindin injin, in aka sa farce ko sukudireba ya ɓarɓashe baƙi. Fenti da ya ƙone a jikin murfi, ko wayoyin da rigarsu ta narke a kusa da bakin wuta, alama ce cewa harshen wuta ya taɓa leƙowa. In ya kunna injin, zai tsaya ya zuba wa wutar ido har fanka ta tashi. Wutar da ke tsaye cak sannan ta fara rawa ko ta kwanta daidai lokacin da fanka ta kama, tana nuna iska na shigowa ta inda bai kamata ba.

Sai dai kada mai saye ya ɗauka kowane mai duba gida zai yi duk wannan. Ƙa'idojin aikin da manyan ƙungiyoyin sana'ar suka rubuta, irin su ASHI da aka kafa a 1976, sun bayyana aikin a matsayin duban ido kawai, ba a kwance inji, ba a fasa bango. Sun fito fili sun ce ba dole ba ne mai duba gida ya binciki cikin akwatin musayar zafi, kuma ba dole ba ne ya gano ko an janye wani abu da ke gidan. Ƙari a kan haka, Kalifoniya ba ta ba masu wannan sana'a lasisi, duk da jihohi da dama suna yi. Wato wanda ya kunna injin, ya ji iska mai ɗumi na fitowa, ya rubuta yana aiki, bai karya wata ƙa'ida ba. Wanda ya gane injin kuwa, ya gane shi ne don ya daɗe a sana'ar ko ya yi karatun da ba a tilasta masa ba.

Na fahimci dalilin ƙungiyoyin. Kayan da ake janyewa a Amurka suna da yawa ƙwarai, kuma a gida guda akwai na'urori da dama, daga tukunyar ruwan zafi har akwatin rarraba wutar lantarki. In aka ce mai duba gida ne ke da alhakin sanin duka, ƙara za ta cinye sana'ar. Amma ina ganin akwai tazara mai faɗi tsakanin sanin komai da rashin duba komai. Ɗaukar hoton farantin bayanai na duk abin da ke ƙona gas, a sa lambobin a rahoto, aikin minti kaɗan ne. Da lambar a hannu, mai saye da kansa zai iya shiga shafin intanet na CPSC ya bincika. Abin da ke cin wuta a saman ɗakin da yara ke barci ya cancanci wannan ɗan ƙoƙari.

Wurin da injin yake yana ƙara wa lamarin muni ta wata fuskar. Na'urar ƙararrawar hayaƙi a ƙarƙashin silin ake manna ta, a ɗakunan kwana da baranda. Hayaƙi kuwa sama yake yi. Gobarar da ta tashi a cikin silin za ta iya cin gimshiƙai ta bazu a kan gidan gaba ɗaya, hayaƙinta yana fita ta kafofin rufi, ƙararrawar da ke ƙasa ba ta ji komai ba. Sau da yawa maƙwabci ne ke fara gani daga waje. Kuma injin ya fi aiki da tsakar dare zuwa asuba, lokacin da sanyi ya fi tsanani kuma kowa na barci. Shi ya sa cikin shawarwarin da aka bai wa waɗanda ba su iya sauya injin nan take ba akwai sa ƙararrawa a cikin silin ɗin kansa, da ɗaga injin a bar sarari a ƙarƙashinsa, da shimfiɗa abin da ba ya cin wuta tsakaninsa da katako.

Tsagar da ke fitar da wuta tana iya kawo wata masifar da ba a gani. Bakin wutar da ya lalace ba ya ƙona gas sosai, sai ya riƙa fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari. Wannan dai mun san ta, ita ce ke kashe iyali a ɗakin da aka rufe da kaskon gawayi lokacin hunturu, ko aka kwana da janareta a kusa da taga. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka tana cewa mutum fiye da 400 ke mutuwa a ƙasar kowace shekara sanadin shaƙarta bisa tsautsayi, ban da waɗanda gobara ta rutsa da su. Alamunta ciwon kai ne da jiri da tashin zuciya, har a ɗauka mura ce, sai dai mutum yakan ji sauƙi in ya fita daga gidan, kuma yakan kama mutanen gida a lokaci guda. Tun 1 ga Yulin 2011 dokar Kalifoniya ta wajabta sa na'urar gano wannan iska a gidajen iyali guda masu amfani da gas ko masu garejin da ke haɗe da gida.

Idan rahoto ya fito da sunan injin, ciniki yakan ɗauki zafi. Mai sayarwa yana ganin ana so a rage masa kuɗi a kan abin da ke aiki. Dillali yana so a rufe ciniki ya karɓi la'adarsa. Akan kawo shawarar a kira makaniki ya cire sandunan kawai a wuce wurin. Wannan ba ya warkar da komai a injin da ya haura shekara talatin, domin ɓarnar da sandunan suka yi wa bakunan wuta da akwatin musayar zafi ta riga ta auku, kuma ba a ganin iyakarta sai an kwance injin. Kayan gyaransa ma ba a ƙera su yanzu. Ni a ganina magana ɗaya ce: a rufe bututun gas ɗinsa, a sauke shi, a sa sabo, a kuma duba katakon da ya zauna a kai a canza wanda ya ƙone. Waye zai biya, wannan abin daidaitawa ne tsakanin mai saye da mai sayarwa. Abin da dokar jihar ta tanada shi ne mai sayar da gida ya bayyana a rubuce duk wani aibi mai muhimmanci da ya sani. Saboda haka ko wannan cinikin ya watse, mai gidan ya riga ya sani, kuma ba shi da damar ɓoye wa mai saye na gaba. Tsohon injin kuma wurin 'yan gwangwan ya kamata ya tafi a farfasa shi. Tun 2008 dokar tarayya ta haramta sayar da kayan da aka janye, ko da a matsayin na hannu ne.

Akwai waɗanda duk wannan tsari bai taɓa su ba, su ne 'yan haya, kuma yawancin 'yan'uwanmu da ke zaune a can a wannan sahu suke. Ɗan haya ba ya ɗauko mai duba gida kafin ya tare. Gidan da ya yi shekara talatin a hannun mai shi ɗaya yana ba da haya, ba a taɓa sayar da shi ba, ba wanda ya hau silinsa da idon bincike. Wanda ke zaune a gidan da aka gina ko aka sa wa inji tsakanin 1983 da 1994, kuma ya san injin a cikin silin yake ko a ƙarƙashin daɓe, yana da haƙƙin ya tambayi mai gida sunan injin da lambarsa da shekarar da aka sa shi, kuma ya fi kyau ya yi tambayar a rubuce. Manyan kamfanonin gas na jihar, SoCalGas a kudu da PG&E a arewa, suna aiko ma'aikaci ya duba lafiyar kayan gas na gida kyauta in an kira su. In ma'aikacin ya ga haɗari yakan kashe injin ya rataya masa jar takarda, kuma ba a sake kunna shi sai an gyara. Samar da abin ɗumama gida mai lafiya yana cikin abubuwan da dokar jihar ta ɗora wa mai ba da haya, don haka kuɗin sauyawar a kansa yake. Lokacin da ya fi dacewa a yi wannan kira shi ne watan Satumba ko Oktoba, kafin sanyi ya shigo layin masu jira ya yi tsawo.